Ku Saya Tare, Ku Raba a Ranar: Amsa ga Uwar Adashin da Ke Son Saro Hatsi da Kaka

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar a wata unguwa cikin birnin Kano. Ina koyarwa a makarantar firamare, kuma ni ce uwar adashin mata 14 da muke zubi duk ƙarshen wata. Tsadar abincin da muka sha a shekarun nan ta sa na kawo shawarar cewa bana, maimakon kowace ta kwashi kuɗi, mu tara zubin wata uku mu saro gero da masara da wake da kaka, mu ajiye har damina. Kowa ta yi na'am, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Sun ce a ajiye kayan a gidana tunda ina da ɗakin da ba kowa, kowace ta riƙa zuwa tana ɗiba. Uku daga cikinmu sun ce ba za su iya cika nasu ba, a sa su a rabo su biya daga baya, ɗayarsu kuwa ƙanwar mijina ce. Yayana ya ce abin da za mu yi ɓoye abinci ne, kuma haramun ne. Wasu matan suna tsoron idan mazansu suka ga hatsi a gida za su rage kuɗin cefane. Ni kuma ban taɓa ajiye wake ya wuce wata biyu bai yi ƙwari ba. An ce in sa masa magani, amma ina tsoro. Shin in ci gaba, ko in janye tun zumunci bai lalace ba?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ki ci gaba, domin tunaninki daidai ne, amma kada ki yarda da tsarin da aka shimfiɗa miki. Ku haɗa kuɗi, ku sayi hatsin tare, ku raba shi a ranar da ya iso, kowace mace ta kwashi nata ta kai ɗakinta ta ajiye. Amfanin haɗin gwiwa a wannan harka shi ne samun farashin sari da raba kuɗin mota da na dako, kuma wannan amfanin yana kammala ne da zarar an sauke buhun ƙarshe a ƙofar gida. Duk kwanan da hatsin gida 14 ya ƙara a ɗakin mace ɗaya bayan haka, nauyi da zargi ne kawai suke ƙaruwa, kuma a kanki za su sauka.

Zan fara da maganar yayanki, domin abin da ya taɓa addini shi ne yake hana mutum barci. Yana da hujjar da ya dogara da ita: hadisi ya inganta a cikin Sahihu Muslim cewa babu mai ɓoye abinci sai mai saɓo. Kuma mutanen Kano ba su manta da watan Fabrairun 2024 ba, lokacin da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jihar ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci, a daidai lokacin da talaka ke kuka da tsada. Saboda haka duk wanda ya ji an ce za a tara buhuna a ɗaki, ba laifi ba ne idan gabansa ya faɗi. Sai dai abin da malamai suka fassara da ɓoyewar da aka hana shi ne mutum ya kwashe abinci daga kasuwa alhali jama'a na matuƙar bukatarsa, ya riƙe shi yana jiran ya yi tsada don ya sayar ya ci riba da yunwar mutane. Tanadin abin da iyali za su ci wani abu ne daban. Ya tabbata a Sahihul Bukhari, daga Sayyidina Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ware wa iyalansa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir, wata ƙabilar Yahudawan Madina. A cikin Suratu Yusuf kuma, aya ta 47, Annabi Yusuf ya umarci mutanen Masar su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa, sai kaɗan da za su ci, domin shekarun fari da ke tafe. Iyakar da malamai suka sa ita ce idan kasuwa ta yi ƙaranci kada mutum ya saye abin da zai ƙuntata wa sauran jama'a. Ku kuwa da kaka za ku saya, lokacin da hatsi ya cika kasuwa kuma manomi ke neman mai saye. Ki faɗa wa yayanki wannan cikin ladabi, ki kuma riƙe sharaɗin da kanki: abin ci ne kuka tanada, kada tsada ta zo wata ta ce a fitar da shi kasuwa.

Yanzu ga batun ajiya a gidanki, wanda shi ne na fi jin tsoro a duk wasiƙarki. Mutanenmu sun daɗe da sanin yadda ake sayen abu tare ba tare da rigima ba, kuma kin sha ganin watanda da ƙaramar salla: ana haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a kasa naman a gaban kowa, kowa ya ɗauki kasonsa ya tafi kafin rana ta faɗi. Ba a taɓa cewa a bar naman a gidan mutum ɗaya ana zuwa ana yanka kaɗan-kaɗan ba, shi ya sa watanda ke ɗorewa shekara da shekaru a unguwa ɗaya. Hatsi ba ya ruɓewa da sauri kamar nama, wannan ne yake yaudarar mutane su ɗauka cewa za a iya jinkirta rabonsa, alhali shi ma yana raguwa. Masarar da aka saya da kaka tana ƙara bushewa, nauyinta ya ragu. Ɓera yana taɓawa, ana zubarwa wajen awo, kuma hannun da ya auna kwano yau ba zai cika shi daidai da na jiya ba. Idan mata 14 suka shafe wata shida suna aiko yara da ƙwarya, wannan kwano biyu, waccan kwano biyar, to ko kin fi kowa tsoron Allah, ranar ƙarshe lissafi ba zai cika ba, kuma babu wadda za ta tuna da ɓera ko bushewa. Za a ce a ɗakin Malama abin ya ɓace. Ƙara da cewa gidan mijinki zai koma wurin shiga da fita ba dare ba rana, kuma duk unguwa za ta san ɗakin da buhuna suke.

Akwai kuma haɗarin da ba na mutum ba. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare, ya shiga gidaje da kasuwanni ya lalata abin da aka ajiye. Gobara ma ba ta sallama. Abincin da ke warwatse a gida 14 da wuya masifa ɗaya ta cinye shi gaba ɗaya, amma wanda aka tara a ɗaki ɗaya dare guda ya ishe shi. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna gwada ajiyar haɗin gwiwa: tun bayan farin shekarun 1970 da 1980 aka riƙa kafa bankunan cimaka a ƙauyuka, a sayi gero da kaka a sayar wa mutanen gari da sauƙi a lokacin ƙunci. Waɗansu sun yi amfani ƙwarai, amma da yawa sun durƙushe, kuma abin da aka fi dangantawa da durƙushewarsu shi ne bashin hatsin da ba a biya ba da raunin riƙon 'yan kwamiti. Waɗancan suna da ginin sito da littafin lissafi da masu sa ido, duk da haka abin ya yi musu wuya. Ke kuwa ke kaɗai ce, ga aji ga 'ya'ya biyar.

Wannan ya kawo mu ga mata ukun da ke son shiga rabo su biya daga baya. Ina tausaya musu, domin su ne ma suka fi kowa bukatar wannan hatsi, kuma tsarin da ya fitar da mai rauni ya bar masu hali bai cika abin da aka yi shi dominsa ba. Amma kada a ba da bashi daga kuɗin taro. Idan aka yi haka, kowace daga cikin sauran 11 ta ba da rance ba tare da an tambaye ta ba, ke kuma kin zama mai bin bashi a madadinsu, kina ƙwanƙwasa ƙofar ƙanwar mijinki. Mafita ita ce a kasa sayayyar kashi-kashi. Wadda ta biya kuɗin buhu ta ɗauki buhu, wadda ta biya rabi ta ɗauki rabi, wadda ƙarfinta kwano goma ne ta ɗauki kwano goma a kan farashin sarin da kowa ya samu. Ta haka babu wadda aka kora, babu kuma wadda ta kwana da haƙƙin wata. Idan wata mai hali ta ga dama ta ranta wa ƙawarta daga aljihunta, wannan tsakaninsu ne, kuma su rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Ƙanwar maigida kuwa, ki kai maganarta wurin yayanta tun kafin taro, domin shi ne ya fi cancanta ya cika mata. Ki kuma faɗi ƙa'idar a gaban kowa kafin a ambaci sunan kowa, don kada wata ta ji da ita ake.

Idan kuna son taimako na gaske ya gudana a tsakaninku, ga hanya mai tsabta. A ranar rabo, bayan kowace ta karɓi haƙƙinta cikakke, a shimfiɗa tabarma, duk wadda ta so ta zuba kwano ɗaya ko biyu daga nata, a raba wa waɗanda nasu ya gaza ko a kai wa gidan marayun da kuka sani. Kyauta ce, ba a rubuta ta, ba a bin ta. Manzon Allah ya yabi Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, saboda idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina sukan tara abin da ya rage musu a mayafi ɗaya su raba daidai da ƙwarya ɗaya, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Abin lura shi ne sun tara, sun raba nan take, kowa ya san abin da ya bayar sadaukarwa ce.

Kada kuma ki juya adashin da ke tafiya ya koma sayen hatsi a tsakiyar zagaye. Wasu sun riga sun kwasa, wasu suna jiran nasu sun ɗora masa bukata, wata kuɗin makaranta, wata kayan ɗakin 'yarta. Ku bari zagayen ya cika, ko ku buɗe zubi na daban mai littafinsa, mai ranar rufewa. Kuɗin ma kada ya zauna a hannunki ke kaɗai: wata ta riƙe littafi, wata ta shaida kowane zubi, a karanta jimilla a gaban kowa duk wata.

Tsoron da matan suka nuna game da kuɗin cefane tsoro ne na gaskiya, kuma bai kamata a share shi da cewa ai duk gida ɗaya ne ba. Ciyar da iyali wajibi ne a kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce, ko ta fi shi samu. Matar da ta sa kuɗin sana'arta ta sayi buhun gero, geron nata ne, kuma sayensa bai sauke wa mijinta nauyin da Allah Ya ɗora masa ba. Rigimar tana tasowa ne idan aka shigo da buhu gida ba a yi magana ba: shi ya ɗauka an taimaka masa, ita ta ɗauka ajiya ta yi, sai a tsakiyar damina kowa ya fito da fassararsa. Saboda haka kowace ta zauna da maigidanta tun kafin a tafi kasuwa, su tsayar da ɗaya daga cikin abu uku. Ko dai shi ne zai ba da kuɗin ita ta shige masa gaba a ƙungiya, wanda shi ne mafi alheri, ko ita ta saya da kuɗinta shi ya riƙa biyanta kwano-kwano a kan farashin da ta saya idan aka fara ci, ko kuwa ta bayar kyauta da yardar ranta ta kuma faɗi hakan da bakinta. Na biyun ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, kuma kowa yana amfana: miji ya sami awo da farashin kaka a lokacin da kasuwa ta yi zafi, mace kuma kuɗinta ya dawo ta sake juya shi. Ina ma ganin mazan da aka nuna wa lissafi ƙarara da yawansu za su nemi a sa su a ciki, kuma kuna bukatarsu wajen zuwa kasuwa.

Nawa za a saya? Kada kowace ta dubi abin da maƙwabciyarta ta saya. Ta lura da abin da tukunyarta ke ci na mako biyu, ta rubuta. A Kano an saba lissafin buhun masara a kan kwano 40, don haka gidan da ke cin kwano ɗaya a rana buhu zai kai shi kwana 40, kuma idan ana son rufe watanni huɗun da suka fi tsanani, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbunan manoma suka yi ƙasa sabon amfani bai iso ba, buhu uku ake bukata. Wanda bai iya uku ba ya yi ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a buɗe buhun tun watan Janairu saboda yana kusa, sai ya ƙare kafin ruwan farko ya sauka. Muddin awo yana da sauƙi a kasuwa a ci gaba da awo kamar kullum, ajiyar kuma a bar ta a ɗaure sai farashi ya tashi ko wata larura ta faɗo.

Dole in gaya miki wani abu da masu zuga mutane su sayi hatsi ba sa faɗa: ba kowace shekara ce farashi ke tashi bayan kaka ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, tsada ta yi tsanani har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Wanda ya saya da kakar 2023 ya ga amfanin tanadinsa. Amma a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma a cikin 2025 farashin hatsi ya sauka sosai, har manoma suka koka, waɗanda suka tara buhuna don riba kuma da yawansu suka yi asara. Ki faɗa wa matan wannan tun yanzu, domin kada farashi ya sauka su ce kin ja musu asara. Wadda ta saya don ci ba ta faɗi ba ko farashi ya sauka, domin tuwonta yana nan, kuma kwanciyar hankalin da ta samu na sanin cewa yaranta ba za su kwana da yunwa ba shi ne ainihin abin da ta biya. Amma saboda wannan rashin tabbas, kada wata ta ci bashi ko ta sayar da jarin sana'arta don ta sayi hatsi, kada kuma ta zuba duk abin da ta mallaka a buhu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kullen korona na 2020 da dokar hana fita ta watan Agustan 2024 sun nuna wa mutanen Kano amfanin samun abinci a ɗaka, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya nuna amfanin ɗan tsabar kuɗi a hannu. Asibiti ba ya karɓar gero.

Wajen saye, ku wakilta mutum biyu ko uku daga gidaje daban-daban, aƙalla ɗaya ya san hatsi. Dawanau tana kusa da ku, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Kasuwannin da ke kusa da gona, irin su Dandume da Giwa da Saminaka ga masara, sukan fi arha, amma sai an haɗa kuɗin mota da dako da la'adar dillali da abin da ake kashewa a hanya, a raba a kan kwano, sannan a gwada da farashin mai awon unguwarku. Sau da yawa ratar takan tsuke, kuma akwai hanyoyin da halin tsaro bai sa ya dace a tura mutum da kuɗin jama'a ba. A biya ta banki inda ya yiwu. A soka buhu sama da tsakiya da ƙasa a duba, domin algus a tsakiya yake ɓuya: tsohon hatsi mai ƙwari, tsakuwa, ƙaiƙayi. A ɗora a sikeli. Kada kuma a yi gaggawar sayen masarar farko, wadda takan zo da ɗanyenta. Gero ne ke fara isowa, wake da dawa sai wajen Nuwamba da Disamba, lokacin da iskar hunturu ta busar da komai, don haka watakila sayayyar ta zama zuwa biyu. A ranar rabo a yi amfani da kwano ɗaya, mutum ɗaya ya auna wa kowa, a gaban kowa.

Saura tsoronki game da wake, kuma ina roƙonki ki riƙe wannan tsoro na magani, domin yana kan hanya. Kada ki bari a zuba wa abincin 'ya'yanki Sniper ko fiya-fiya. Guba ce da ba a yi ta don abin da za a ci ba, kuma saboda samun sinadarin da ke cikinta fiye da kima ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙwayar nan ta Phostoxin da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhu kuwa iska mai kisa take fitarwa, aikin ƙwararru ce a sito da ke nesa da mutane, kuma ta sha hallaka masu barci a gidajen da aka sa ta. Ba ta da wuri a gidan da yara ke kwana.

Abin da ke kashe ƙwarin wake ba tare da guba ba shi ne hana su iska. Buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, kuma aka fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, kuma ana samunsa a wurin masu sayar da kayan noma. Kafin ki zuba, ki cika kowace leda da iska ki matsa ki tabbatar ba ta da huda. Ki zuba waken, ki matse iskar da ta rage, ki murɗe bakin ledar ciki ki ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Ƙwarin da ke ciki za su shanye iskar da ta saura su daina ci su mutu. Sharaɗinsa kada a riƙa buɗewa. Shi ya sa wanda za a ci a wata ɗaya ko biyu a ware shi daban tun farko. Jarka ko ganga mai murfin da ke rufuwa gam ita ma tana yin wannan aiki, idan an wanke ta ta bushe sarai, an cika ta har baki, kuma ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. Wannan hanya tana yi wa masara da dawa da gero aiki kamar yadda take yi wa wake.

Amma kada ki rufe hatsin da bai bushe ba, domin danshi ya fi ƙwari haɗari. Masara da gyaɗar da suka yi hunhuna suna iya ɗaukar gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta kamu da ita. Masana suna son danshin masarar ajiya ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Ba ki da na'urar aunawa, amma kina da haƙori da gishiri. Busasshiyar ƙwaya tana fashewa da ƙara idan aka ciza. Ko ki zuba ɗan hatsin cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a sake shanya. A shanya a kan tabarma ko leda, kada a zube a ƙasa, a tsince wanda ya canza launi a zubar, a bari ya huce kafin a ɗaure. Buhunan a ɗora su a kan katako ko bulo, a janye su daga bango saboda gara da laima, a duba rufin ɗakin kafin damina, a kuma tsare su daga ɓera, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin leda. Kada a niƙe da yawa: gari ba ya jimirin ajiya kamar tsaba.

Hatsi kaɗai ba ya zama abinci. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da gishiri da kanwa ba su da tsada kuma suna daɗewa, tumatir da tattasai kuma a busar da su a ƙarshen hunturu lokacin da na rani ya cika kasuwa. Man girki kada a tara da yawa, domin yana canza wari. A tuna da gawayi ko itace, da abin tara ruwa, da maganin mai hawan jini ko ciwon suga idan akwai shi a gida. Fetur kuwa kada a ajiye shi a ɗaki ko da wane dalili.

Ki kira taro kafin zubi na gaba, ki shimfiɗa musu waɗannan sharuɗɗa: zubin hatsi daban da adashi, kowace ta sami gwargwadon abin da ta biya, kowace ta yi magana da maigidanta, kuɗin buhun PICS ya shiga lissafin sayayya, rabo kuma a ranar da mota ta iso. Wadda ta ce ba ta da wurin ajiya, a taya ta dubawa. Jarka biyu suna shiga bayan ƙofa, rabin buhu yana shiga lungun ɗaki. Idan duk da haka suka nace sai an tara kayan a gidanki ana ɗiba, ki ba su haƙuri ki ce za ki shiga saye amma ba za ki karɓi ajiya ba, ki ɗauki kasonki a ranar, su nemi wadda za ta riƙe musu sauran.